Ta'aziyyar da Ta Kashe Ramiro

Kai Mubarak, ajiye wayar nan ka dube ni. Ba kai ka ce aikina zama ne kawai a kan kujera ana karanta hirar ɓarayi ba? Ke kuma Safiya, mai karatun kwamfuta can Bloomsbury, na ji ki sarai da kika ce manhajar fassara ma za ta iya abin da nake yi. Da Turanci kika faɗa, ƙasa-ƙasa, kina tsammanin kunnen tsoho ya mutu. To bai mutu ba. Hajiya Binta ce ta roƙe ni in yi muku bayanin sana'ata, tunda iyayenku sun gaji da jin kowa likita zai zama ko lauya. Ku gyara zama, ni Kawu Habu ba na magana ana danna waya.

Sana'ata sojan gona ce, amma irin ta halal. A bayan fagen intanet akwai kasuwanni inda 'yan kutse ke haɗuwa. Ta Rashawa daban, ta masu Turanci daban, ta masu Sifaniyanci ma daban, kuma a wannan ta ƙarshen na tsufa. 'Yan Sifen ne, da 'yan Meziko, da 'yan Kolombiya, da 'yan Ajantina, kowa da sunan ƙarya. Babbar hajarsu ita ce ƙofa. Wani ya sami hanyar shiga kwamfutocin wani kamfani, ba zai shiga da kansa ba, sai ya kawo kasuwa ya ce ga ƙofa, wa zai taya. Wanda ya saya ya shiga ya kulle komai, ya ce sai an biya fansa. Garkuwa ce sak, daji ne kawai babu. Mu kuma aikinmu mu zauna a cikinsu kamar nasu, mu ji ƙofar wa aka kawo, mu ruga mu gaya wa mai gida kafin a yi ciniki. Kamfanin da nake wa aiki yana da teburin Rashanci da na Turanci, kowanne cike da samari. Teburin Sifaniyanci mu biyu ne rak, ni da wata mata, kuma akwai shekarar da aka kusa naɗe mana tabarma gaba ɗaya. Zan zo kanta.

Sifaniyancina ba na aji ba ne, na tsintsiya ne. Da na zo nan Landan daga Zariya karatu, sharar ofisoshi nake yi da asuba don in riƙe kaina, kuma duk abokan sharar 'yan Kolombiya ne da 'yan Ekwado. Mu hau bas ɗaya daga Old Kent Road, kowa na gyangyaɗi, mu sauka mu kama guga. Zagi na fara koya, sai ƙwallo, sai abinci. Kafin a jima idan guga ta zube ba na cewa subhanallahi sai na fara sakin wata kalmar da ba zan maimaita a gaban Hajiya Binta ba. Daga baya na buɗe ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a kan titin nan, tsakanin wata coci ta cikin sito da wani mai tsire. Mutanen Latin suka gano akwai baƙin mutum mai jin yarensu, sai suka mai da shagon kamar majalisa.

Wata rana wata mace gajera mai furfura ta kawo kwamfutar da jikanta ya kwarara wa kofi. Akwai wani ɗan noti da ya ƙi kwancewa, na yi na yi, sai na zage shi da zagin 'yan Kali, wani gari ne a Kolombiya, zagi tun daga kakarsa. Matar nan ta yi dariya har ta dafa kanta. Ta ce, "Wa ya koya maka wannan? Ko a garinmu sai direban babbar mota." Na ba ta labarin guga. Ta tsaya tana kallona kamar mai taya rago, sannan ta ce, "Ka iya ƙarya?" Na ce, "Baiwar Allah, ni Musulmi ne." Ta ce, "Ba addininka na tambaya ba. Ka iya riƙe ƙarya ɗaya shekara da shekaru ba ka canza ta ba?" Wannan ita ce Donya Amparo. Donya a wurinsu kamar a ce Hajiya ne. Ita ce matar da na ce mu biyu ne a tebur, ita ta koya min sana'ar nan, kuma har gobe idan ta shigo ɗaki miƙewa nake.

Ku da kuke ganin abin wasa ne, ku ji yadda koyon ya kasance. Watanni na yi ban taɓa madannai ba. Karatu kawai. In zauna in ga yadda suke gaisawa, yadda suke faɗa, wa ke tsoron wa, wa ke cika baki ba shi da ko allura. In na ce, "Donya, hannuna na ƙaiƙayi," sai ta ce, "Sosa shi a bango." Sai da ta ga na nutsu sannan muka zauna muka haifi mutum. Sunansa Ramiro. Dattijo ne mai gyaran waya a wata unguwa a Kali, yana da ciwon gwiwa, da mata mai yawan mita 'yar wani ƙauyen masu noman kofi, da jika mace da yake kai wa makaranta, kuma ba ya fashin coci ranar Lahadi. Ni ne Ramiro. Muna cikin tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, jama'a maƙil, sai Donya ta zunguri haƙarƙarina ta ce, "Me Ramiro ya ci da safe?" In na yi jim sai ta ce, "Ka mutu. Sake." Ta tambaye ni sunan limamin cocinsu, ta tambaye ni wace gwiwar ce ke ciwo. Ranar da na ce ta dama alhali ta hagu ce, wuni guda ba ta yi min magana ba.

Kuma matar nan ba ta bar komai ba, ko in ce haka muka zata. Ta san ɓarayin nan suna lura da lokacin da kowa ke shiga da fita. Mutumin da kullum yake ɓacewa ranar Juma'a da azahar ta Landan, ai ya faɗi ko shi wane ne. Sai ta lissafa ta ga azaharmu safiyarsu ce, ta ce to a lokacin ne Ramiro ke kai jikarsa makaranta. Da azumi, da nake yin laushi da yamma, sai ta ce gwiwar Ramiro ta tashi. Har sallar idi sai da ta samo mata dalili, surukinsa ne ke aure ko ya yi haɗari da babur. Surukin nan ya sha wahala a hannunmu, Allah ya sani.

Kayan aikin ba abin burgewa ba ne, Mubarak, ba irin na fim da kake gani ba, allo shida da koriyar fitila. Tsohuwar kwamfuta ce guda, wadda ba ta taɓa kwana a gidan kowa ba, ba ta taɓa gaisawa da wayata ba. Sai agogon bango da aka saita a lokacin Kolombiya. Sai rediyon garin Kali da ke kunne a kunnena kullum, domin idan aka yi ruwa a can har kwata ta cika, dole Ramiro ya yi ƙorafin takalminsa ya jiƙe. Idan kulob ɗinsa ya sha kashi, dole ya wuni yana huci. Sai kuma lauyan kamfani, wanda shi ma kayan aiki ne, don shi ya kafa mana doka: ba saye, ba sayarwa, ba taɓa kayan sata ko da da tsinke. To ta yaya mutumin da ba ya sata zai yi daraja a cikin ɓarayi? Da gyara. Yaro ya ce wayarsa ta faɗa ruwa, Ramiro ya gaya masa yadda zai yi. Biyu su kaure da faɗa, Ramiro ya ce ku ji kunya, ku yara ne. A hankali ya zama kawun kasuwa. Ba a tsoronsa, ba a ɓoye masa magana.

Masu ba mu aiki kuwa, sai dai a yi dariya kada a yi kuka. Akwai wani mai otal-otal da na buga wa waya na ce ana tallar ƙofarsa, ya ce min yana hutu a Tenerife, in kira bayan sati biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawon ma yana iya kasancewa a Tenerife ɗin, ka leƙa teburin kusa da kai." Akwai wata shugabar kamfanin jigilar kaya da ta rantse min password ɗinta ba mai iya cinkarsa, ashe sunan karenta ne, karen da hotonsa ke ko'ina a intanet sanye da rigar sanyi mai ɗauke da sunan. Yawancinsu ba sa neman mu sai wuta ta kama, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ku sani, ɓarayin nan ba aljanu ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsohon ma'aikaci ya bar aiki ba a rufe asusunsa ba, ko wani ya danna saƙon da aka ce ya ci kyauta. Shi ke nan fa, ba wani tsafi.

Yanzu ga muguwar shekarar. Shekarar korona ce, wasunku lokacin kuna gida kuna karatu ta allo kuna cinye wa iyayenku firji. Kowa ya koma aiki daga flat ɗinsa, da kwamfutar da yara ke wasa da ita, ƙofofi suka yi arha kamar tumatir a kaka. A daidai lokacin kuma 'yan sandan ƙasashe suka haɗu suka rufe babbar kasuwar da Ramiro ke zama. Kowa ya yi murna ban da mu. Ɓarayin ba su tuba ba, ƙuryar ɗaki suka shige, wani rufaffen zaure a manhajar hira wanda ba ka shiga sai wani na ciki ya tsaya maka. Muka makance. Wata da watanni ba mu kawo wa kamfani ko labari ɗaya ba. Manajanmu, wani Bature mai suna Colin, mutumin kirki ne amma shi ma akwai na sama da shi, ya kira meeting ta allo ya ce, "Habu, Amparo, ba zan ɓoye muku ba. In ba ku shiga ɗakin nan kun kawo abin a zo a gani ba, za a rufe teburinku." Ni ina da shago a hannu, in ta ɓaci in koma kan noti. Donya fa? Ta haura sittin, wa zai ɗauke ta? Ana cikin haka cutar ta kama ta, aka kwantar da ita asibiti. Na rage ni kaɗai, in hau bas ba kowa, in shiga ofis ba kowa, daga ni sai agogon Kolombiya.

Abin da ya rage wa Ramiro shi ne wani ɗan zauren hirar ƙwallo da tsofaffin 'yan kasuwar ke leƙawa. A nan wata rana wani yaro ya yi rubutu. Sunan da yake amfani da shi, in an juya shi Hausa, Ƙadangare ne. Ɗan Peru ne, mai kaifin kai da rashin kunya, na taɓa gyara masa waya daga nesa. Ya rubuta layi ɗaya, ya ce mahaifiyarsa ta rasu jiya, cutar nan ce. Wani ya tura hoton fuska mai hawaye. Wani ya ce sai haƙuri, ya zarce da tambayar yaushe za a dawo buga ƙwallo. Shi ke nan fa! Uwa guda! Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da aka rena a gidan da in an yi mutuwa a unguwa ko tukunya ba a ɗorawa sai an je an zauna, ban iya gani in yi shiru ba. Na rubuta masa ta'aziyya ta mutunci da bakin Ramiro. Na tambaye shi ko ta daɗe tana jinya, ko yana da 'yan'uwa a kusa, ko ya ci abinci. Ya ce ba wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Kwana uku na koma na gaishe shi, ya aka ji da haƙuri. Kwana bakwai na sake komawa. Ba dabara ba ce, kada ku ba ni lambar yabon da ban ci ba. Ƙafata ce kawai ta san hanya, uku, bakwai, kamar yadda na tashi na ga ana yi a Zariya. Na ga Mubarak yana motsa baki, na san malaminku ya ce bidi'a ce. Ka bari mu gama, sai ka kai ni ƙara. Bayan gaisuwar bakwai ɗin nan yaron ya rubuto ya ce, "Kawu, me kake yi a waje cikin yara? Zo ciki." Ya tsaya min. Aka buɗe wa Ramiro ƙuryar ɗaki. Na tashi ni kaɗai a ofis na taka rawa da ciwon bayana, na buga wa Colin, ya yi ihu har karensa ya kama haushi.

Mai ɗakin wani ne da ake kira Likita. Ban taɓa sanin ƙasarsa ba, kuma ban taɓa ganin mutum mai zargi irinsa ba, inuwarsa ma bai yarda da ita ba. Na lallaɓa, na yi ta gyaran waya da rabon faɗa, muna tsintar ƙananan labarai. Colin ya ce ana so a sama, amma ba su isa ba tukuna. Rannan na duba kalanda na ga kwana arba'in cif da rasuwar uwar yaron nan. Ko tunani ban yi ba. Na rubuta a tsakiyar ɗaki, gaban kowa: "Ɗana, yau arba'in. Allah ya ƙara maka haƙuri." Na je na haɗa shayi abina. Da na dawo na tarar da saƙon Likita a ƙasan nawa. Ya ce, "Arba'in ɗin me, tsoho? Ranar tara kana ina?"

A ranar Donya ta kwana biyu da fitowa daga asibiti, tana gida tana jan numfashi da ƙyar. Na kira ta ta allo na karanta mata. Matar nan ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "Habu! Ka kashe Ramiro!" Na ce, "Da me? Gaisuwa fa na yi." Ta ce, "Mu kwana tara muke yi! Tara! A taru kullum a yi addu'a, daren na tara a cika gida a sha kofi. Jaririn Kolombiya ma ya san wannan. Dattijon da ba ya fashin coci ya tsallake tara ya zo yana ƙirga arba'in? Wannan lissafin Larabawa ne da Turkawa da Rashawa!" Tari ya sarƙe ta, ta sha ruwa, ta ci gaba da faɗa. Ta tanadi sallata, ta tanadi azumina, ta tanadi idi, amma ba ta taɓa kawowa a ranta cewa wani zai mutu a kasuwar ɓarayi har in je gaisuwa ba. To Safiya, ina manhajarki a nan? Kowace kalma da na rubuta daidai take, ko malamin jami'a ba zai gyara min ba.

Muka shiga neman mafita. Donya, da yake kanta ko a gadon jinya yana ja, ta ce a bakin tekun ƙasarsu akwai jikokin Labanawa da yawa, su suna yin arba'in. Mu ce matar Ramiro daga cikinsu take, a wurinta ya ɗauko. Na rubuta haka, har da ƙorafin cewa matar nan ta mai da gidana kamar Bairut. Wasu suka yi dariya, na ce alhamdu lillahi. Ba a jima ba Likita ya liƙo wata tsohuwar hira ta shekarun baya, inda Ramiro da bakinsa yake cewa matarsa 'yar ƙauyen kofi ce, ba ta taɓa ganin teku ba. Mugun ya adana komai! Ya ce, "Zuwa Asabar ka kawo min ƙofa guda da ka buɗe da hannunka. In ba haka ba, kai ɗan sanda ne." Kun dai ji dokar lauya. Ramiro ya zama gawa mai tafiya.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, a satin nan ne Likita ya kafa tallar wata ƙofa, kuma ta nan Landan ce. Kamfani ne mai kai wa tsofaffi magani gida-gida a kudancin gari. Bai faɗi suna ba, sai wanda ya saya ake gaya wa, kuma ranar Asabar ɗin za a rufe ciniki. Irin waɗannan kamfanoni suna da yawa, ba ka bin su ɗaya-ɗaya kana cewa ƙila kai ne. In aka kulle su, tsohuwar da ke jiran maganin sukari a hawa na goma a gidan hayar ƙaramar hukuma ba ta san wani abu fansa ba, ƙofa kawai za ta yi ta kallo. Colin ya ce, "Ku samo sunan nan, ni kuma in hau sama in yi muku faɗa. In babu, hannuna a ɗaure yake." Na zauna gaban kwamfuta ina kallon agogon Kolombiya, dabara ta ƙare min ƙaf. Tsoro na ji, ba na kaina ba, na matar da ta ɗauko ni daga kan noti ta mai da ni mutum.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci, wato Ramiro ya dawo daga kai jika makaranta, na tarar da saƙo a keɓe. Ƙadangare ne. Ya ce, "Ban san ko kai wane ne ba. Ɗan sanda ne, Balarabe ne, oho. Na san dai ba Ramiro ba ne. Ranar tara ni kaɗai na zauna a ɗaki, duk waɗannan da suka san tara ɗin ba wanda ya tuna. Kai da ba ka san ta ba, ka zo sau huɗu." Sai ya rubuta sunan kamfanin, da sunan tsohon ma'aikacin da aka bar asusunsa a buɗe. Ya ce, "Uwata layin magani ta bi har ta faɗi. Ka gaya musu su rufe. Kada ka ƙara rubuto min." Kada ku ce waliyyi ne. Ɓarawo ne, ya cuci mutane da yawa kafin ranar, wataƙila da bayanta. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ɗauki waya na kira mai kamfanin maganin. Ku ƙiyasta: mutum da muryar Najeriya ya kira ka ranar Juma'a da yamma, ya ce kwamfutarka na cikin haɗari, ka yi maza ka yi abin da zai gaya maka. Baturen nan ya ɗauka ɗan damfara ne, ya ce, "Kai ne yariman da zai ba ni gado?" ya kashe. Na sake kira, ya ce zai haɗa ni da 'yan sanda. Na ce don Allah ka haɗa ni, su nake nema! Sai da Colin ya kira shi da irin Turancinsu na hanci, ya faɗi abin da na faɗa kalma da kalma, sannan mutumin ya ce kai, wannan magana ce babba. Kafin magariba an rufe asusun, an canza makullai duka. Ranar Asabar mai saye ya zo ya tarar da bango. Likita ya haukace, ya kori Ramiro, ya baza sunansa a duk wani zaure cewa maci amana ne. Ranar Litinin motocin magani suka fita kamar kullum, ba tsohuwar da ta san an yi wani abu. Mai kamfanin ya ɗauke mu aiki na dindindin, har ya aiko min da kwalin cakulan da ban haƙuri. Colin ya hau sama ya dawo yana murmushi, ya ce tebur ya tsaya.

Tebur ya tsaya, amma Ramiro ya tafi, kuma mutum irinsa ba a ƙera shi a wata guda. Sai da muka koma farko da wani sabo, wanda ba zan gaya muku ko sunansa ba don yana bakin aiki yanzu haka. Kwana tara da korar, Donya ta kira ni ta ce in same ta a filin shaƙatawar da ke bayan Old Kent Road, in zo da Colin. Muka tarar da ita a kan benci cikin katuwar rigar sanyi, ta rame, ga fulas na kofi da wani ƙosai nasu na cuku. Na ce, "Donya, bikin me ake?" Ta ce, "Taran Ramiro. Mutumin da muka rena shekara da shekaru ba zai tafi kamar kare ba. Kuma ka buɗe ido ka koyi ƙirga." Muka zauna nesa-nesa kamar yadda doka ta ce. Ita ta yi 'yan addu'o'inta, ni na ci ƙosai, Colin ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da za mu tashi ta nuna ni da yatsa ta ce, "Arba'in kuma naka ne."

Da ranar arba'in ta zo, na ce wa mai ɗakina ta yi min waina da miyar taushe ta mutum uku. Ta ce, "Ta mece ce?" Na ce arba'in ɗin wani abokin aikina. Ta ajiye ludayi ta ce, "Inna lillahi! Abokin aikinka ya rasu kwana arba'in, ba ka kai ni gaisuwa ba? Malam, wace irin rayuwa Landan ta mai da mu? Yana da iyali?" Na ce yana da mata da jika. Ta ce in ba ta lambar matar. Sai da na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga guga, ta dube ni ta ce lallai aikin nan ya fara taɓa ni, amma ta soya wainar.

Muka koma bencin nan mu uku. Colin ya ci guda biyu, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, yana hawaye yana cewa da daɗi. Donya ta gutsura ta dangwali miya ta kai baki, ta tauna a hankali. Can ta ce, "Da Ramiro yana nan, da ya ce yaji ya yi yawa." Wallahi sai da na juya baya na share ido, domin gaskiya ta faɗa. Mutumin ba ya son yaji.